Cinikin Biri A Sama: Tarihin Takardun Mallakar "Haɗewar Sanyi"

Ranar Alhamis 23 ga Maris na shekarar 1989, shugaban Jami'ar Yuta da ke birnin Salt Lake a ƙasar Amurka, Chase Peterson, ya tara 'yan jarida ya gabatar musu da wasu malamai biyu masana kemistiri. Na farko shi ne Stanley Pons, shugaban sashen kemistiri na jami'ar. Na biyu kuwa tsohon abokin aikinsa ne, Martin Fleischmann na Jami'ar Southampton ta Ingila, dattijon da babu mai ja da iliminsa a wannan fage. Mutanen nan biyu suka shaida wa duniya cewa sun kunna irin wutar da ke ci a cikin rana, amma a cikin wata 'yar kwalbar gilashi, a kan teburi, ba tare da wani zafi na a-zo-a-gani ba.

Don mai karatu ya gane nauyin wannan magana sai mun ɗan yi bayani. Rana tana samun zafinta ne ta hanyar haɗewar cibiyoyin ƙwayoyin zarra na iskar haidurojin, su dunƙule su zama hiliyam, a wajen dunƙulewar kuma sai ƙarfi mai yawa ya fita. Matsalar ita ce cibiyoyin nan ba sa ga maciji da juna, kowace tana ture 'yar'uwarta, ba sa haɗuwa sai an tilasta su da zafi da matsi. A tsakiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15, a doron ƙasa kuwa, inda babu irin wancan matsi, sai an haura digiri miliyan 100. Tun shekarun 1950 manyan ƙasashe suke zuba dukiya wajen gina injuna masu girman gidaje don cim ma wannan buri, abin ya gagara. Sai ga mutum biyu sun ce da dala dubu 100 daga aljihunsu, da sandar ƙarfen faladiyam, da zaren filatinam, da ruwa mai nauyi, da 'yar wutar lantarki, sun yi abin da ya gagari gwamnatoci. Ruwa mai nauyi shi ne ruwan da ke ɗauke da wani nau'in haidurojin da ake kira diyutiriyam, akwai shi a cikin teku ba iyaka. Faladiyam kuma ƙarfe ne mai shan haidurojin kamar soso, yana iya shanye ninkin girmansa har sau 900. Suka ce idan aka cusa diyutiriyam cikin ƙarfen ya cika ya batse, sai cibiyoyin su haɗe, har kwalbar ta fid da zafin da ya ninka abin da aka sa mata sau huɗu. Wannan shi ne abin da aka riƙa kira haɗewar sanyi.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan awon da suka yi da kurakuran da aka gano a ciki. Mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne takardu, domin ta nan ne labarin ya fi fitowa fili. Mai karatu ya kula da waɗannan ranaku uku. Ran 11 ga Maris malaman suka aika da gajeren rahotonsu ga wata mujallar kemistiri. Ran 13 ga Maris lauyoyin jami'ar suka shigar da neman takardar mallakar ƙirƙira a ofishin gwamnatin Amurka. Ran 23 aka kira 'yan jarida. Rahoton kansa bai fito ba sai 10 ga Afrilu. Wato an nemi mallaka, an yi shela, kafin sauran masana su karanta ko da layi ɗaya.

Mu marubuta mun san haƙƙin mallaka irin namu, amma wannan takarda daban ce, kuma bambancin shi ne ginshiƙin labarin. Idan ka rubuta littafi, haƙƙinka ya tabbata daga ranar da ka rubuta shi, babu hukumar da za ta tambaye ka ko abin da ke ciki ya faru ko bai faru ba. Mai ƙirƙira shi ciniki yake yi da hukuma. Zai bayyana sirrin abin da ya ƙera dalla-dalla, yadda duk wani gwani a wannan sana'a zai karanta ya haɗa irinsa ya yi aiki, ita kuma hukuma ta hana kowa sayar da shi ba da izininsa ba na wasu shekaru, a yau shekara 20 daga ranar nema. Tun dokar birnin Benis ta 1474 da dokar Ingila ta 1624 a kan wannan turba ake tafiya. Ko sunan da Turawa suke kiran takardar da shi daga wata kalmar Latin ya samo asali, ma'anarta kuwa "a buɗe". Sharuɗɗan uku ne a taƙaice: abin ya zama sabo, ya zama yana aiki, a kuma bayyana shi ba ƙumbiya-ƙumbiya. A ƙasashen Turai sharaɗin farko yana da tsanani ƙwarai, don in maganar ta fita kafin ka shigar da nema, ko da bakinka ta fita, to ka yi asara. Wannan ya sa lauya kullum shawararsa ɗaya ce ga mai ƙirƙira, ka yi shiru. Al'adar masana kimiyya kuwa cewa take yi ka baje komai a faifai don 'yan'uwanka su gwada su gani. Fleischmann da Pons a tsakanin waɗannan umarni biyu suka sami kansu.

Ba su ne farkon waɗanda suka yi wannan mafarki ba, ba kuma jami'arsu ce ta fara ruga ofishin mallaka da shi ba. A 1926 wasu masana biyu a Balin ta Jamus, Fritz Paneth da Kurt Peters, sun ce sun ga haidurojin ya koma hiliyam a cikin faladiyam. Shekara na zagayowa suka janye, suka ce hiliyam ɗin daga iska da gilashin kayan aikinsu ya shigo. A wannan shekara ta 1927 wani ɗan Suwidin mai suna John Tandberg, ma'aikacin kamfanin Electrolux, ya nemi takardar mallaka a ƙasarsa a kan hanyar samar da hiliyam da makamashi ta amfani da faladiyam da wutar lantarki. Aka hana shi, domin waɗanda ya dogara da aikinsu sun janye, shi kuma ya kasa bayyana yadda abin yake aukuwa. Shekara 62 ke nan kafin taron Yuta.

To me ya sa jami'a guda, mai mutunci, ta yi wannan gaggawa? A 1980 majalisar Amurka ta yi wata doka da ake kira Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da malamansu suka ƙirƙira ko da kuɗin gwamnati aka yi binciken. A wannan shekara ce kuma Jami'ar Stanford ta sami takardar mallaka a kan dabarar Cohen da Boyer ta sarrafa ƙwayoyin halitta, takardar da ta jawo fiye da dala miliyan 200 kafin wa'adinta ya ƙare. Kowane shugaban jami'a ya ga wannan ya lashi baki. Shi kansa Peterson ya san daɗin fitowa a talabijin, don shi ne ya riƙa yi wa 'yan jarida bayani a 1982 lokacin da likitocin jami'ar suka dasa wa wani majiyyaci zuciyar roba. Idan dabarar ƙwayoyin halitta ta kawo miliyoyi, me za a ce da abin da zai maye gurbin fetur da kwal da gas a duniya baki ɗaya?

Sannan ga kishiya a maƙwabta. A Jami'ar Brigham Young, tafiyar da ba ta wuce awa guda a mota ba, akwai wani masanin fiziks, Steven Jones, wanda shi ma ya daɗe yana bincike mai kama da wannan. A 1988 Fleischmann da Pons suka nemi tallafi daga ma'aikatar makamashi ta Amurka, ma'aikatar kuwa ta aika wa masana da takardarsu don su duba, cikinsu har da Jones. Daga nan zargi ya shiga tsakani, kowane ɓangare yana tsoron a riga shi. Ran 6 ga Maris 1989 shugabannin jami'o'in biyu da malamansu suka zauna, aka rabu a kan cewa ran 24 ga wata za a aika da rahotanni biyu tare ga mujallar Nature. Yuta ba ta jira ba. Daga baya Fleischmann ya sha faɗin cewa shi so ya yi a ƙara musu kamar wata 18 su kammala aiki, kuma ya yi nadamar taron 'yan jaridar. Muna ganin gaskiya ya faɗa, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Abin da ya biyo baya a makonnin nan yana da ban dariya da ban tausayi. Ɗaruruwan masana a Amurka da Turai da Japan da Indiya suka ajiye ayyukansu suka shiga haɗa kwalabe, amma babu cikakken bayanin yadda ake haɗawa. Wasu suka riƙa maimaita kaset ɗin labaran talabijin suna ƙiyasta girman kwalbar daga hannun Pons da ke riƙe da ita. Rahoton da ake yawo da shi ta na'urar faks, an kwafa an sake kwafa har ya dusashe, bai faɗi abubuwa da dama da mai gwaji yake buƙata ba. In an buga waya Yuta a tambaya, sau da yawa amsar ita ce lauyoyi sun hana. Babban ɗakin binciken gwamnati na Los Alamos ya nemi a yi aiki tare don a tabbatar da abin, maganar ta yi ta jan ƙafa a hannun lauyoyin jami'ar, har a watan Yuni mutanen Los Alamos suka haƙura. A nan mai karatu zai ga yadda garin neman gira aka rasa ido. Takardar mallaka ba ta da wata daraja sai in abin yana aiki a hannun kowa, hanyar da za a bi a nuna hakan kuwa ita ce aka toshe don tsaron takardar.

Kasuwa ita ba ta jira hujja ba. Farashin faladiyam ya tashi. Ran 12 ga Afrilu jami'ar MIT ta ce ita ma ta shigar da nata neman a kan bayanin da malaminta Peter Hagelstein ya yi na yadda abin zai iya aukuwa. Majalisar jihar Yuta ta yi zaman gaggawa ta ware dala miliyan 5. Ran 26 ga Afrilu Peterson da malaman biyu suka bayyana gaban wani kwamitin majalisar tarayya a Washinton suna neman dala miliyan 25, tare da wani mai ba da shawara kan kasuwanci, Ira Magaziner, wanda hujjarsa ita ce in Amurka ta tsaya sai ta tabbatar, Japan za ta kwashe ribar kamar yadda ta yi da talabijin da rikodar bidiyo. Cinikin biri a sama ke nan, kuma a zauren majalisa aka yi tayinsa.

Kwana biyar bayan haka, ran 1 ga Mayu, masana fiziks suka taru a birnin Baltimo. Nathan Lewis da Steven Koonin na jami'ar Caltech suka warware zance. Babbar tambayar mai sauƙi ce. In da gaske diyutiriyam yana haɗewa har ya ba da zafin da ake faɗa, to dole ya fid da wasu ƙwayoyi da ake kira niyutiron, kimanin biliyan dubu a kowace daƙiƙa a kan kowane wat ɗaya na zafi, adadin da zai hallaka duk wanda ke tsaye a ɗakin. Ga su kuwa da ransu da lafiyarsu. Ɗakin binciken Harwell na Ingila, wanda Fleischmann da kansa ya ba shawara, ya yi watanni yana gwaji bai ga komai ba. A watan Nuwamba kwamitin da ma'aikatar makamashi ta kafa ya ce babu gamsasshiyar hujja, kada a ware wa abin kuɗi na musamman. Majalisar tarayya ba ta ba da ko sisi ba.

Jami'ar ta buɗe cibiyarta ta haɗewar sanyi a watan Agusta na 1989 da kuɗin jiha, amma ba ta ji daɗin zama ba. Wani malamin fiziks na jami'ar, Michael Salamon, ya sa na'urorinsa a ƙarƙashin kwalaben Pons na tsawon mako biyar, ya buga a Nature a 1990 cewa bai ga alamar haɗewa ba. Amsar da ya samu wasiƙa ce daga lauyan Pons ana yi masa barazanar kotu, abin da ya fusata malamai ƙwarai. Ana cikin haka sai aka gano cewa wata gudummawa ta dala dubu 500 da aka ce wani bawan Allah ne ya bayar a ɓoye, ashe daga asusun jami'ar kanta ta fito. Peterson ya ba da sanarwar zai sauka. Aka rufe cibiyar a ƙarshen Yunin 1991.

Japan ɗin da aka yi wa majalisa kurari da ita ta shigo, ta kuwa kashe kuɗi. A 1992 malaman biyu suka koma kudancin Faransa, inda wani kamfani mai alaƙa da Toyota ya gina musu ɗakin bincike. Fleischmann ya bar wurin a 1995, aka daina aikin a 1998 bayan an kashe kimanin fam miliyan 12. Ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Japan ita ma ta gudanar da nata shirin daga 1992 zuwa 1997 a kan kusan dala miliyan 20, ta rufe ba tare da ta ga abin da take nema ba. Ita kuwa takardar da aka yi duk wannan hayaniya dominta, ofishin Amurka bai taɓa bayar da ita ba. A watan Disamba na 1993 jami'ar ta miƙa wa wani sabon kamfani mai suna ENECO lasisin abin da take nema, a watan Maris na 1998 kuma ta ce ta daina kare shi.

Daga nan ofishin mallaka na Amurka ya ɗauki matsayi. Duk wanda ya zo da maganar haɗewar sanyi, sai ya kawo hujjar cewa na'urarsa tana aiki, kamar dai yadda ake yi wa masu cewa sun ƙera injin da ke juyawa har abada ba mai ba wuta. Wani likita mai bincike, Mitchell Swartz, ya kai ƙara, a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan ofishin. Masu imani da abin, waɗanda har yau akwai su kuma cikinsu akwai masana na gaske, suna kukan cewa an sa su a tsaka mai wuya: ba takarda ba mai zuba jari, ba jari ba bincike, ba bincike ba hujja. Kukan yana da ɗan kan gado, don mun san yadda suna yake ɓaci a hana mutum ko sauraro. Sai dai lissafin da muka kawo a sama ya nuna jari ya zo, ba sau ɗaya ba. Abin da bai zo ba shi ne kwalbar da za a ba wani ya kai ɗakinsa ta yi zafi a duk lokacin da aka kunna. A 1986 an gano wasu sinadarai masu ɗaukar wutar lantarki ba tare da asara ba, abin da shi ma ya ba masana mamaki kuma ba su iya bayyana dalilinsa ba, amma cikin 'yan watanni ɗakunan bincike ko'ina suka maimaita, a 1987 aka ba masu shi kyautar Nobel. Gani ya kori ji.

Da ƙofa ta rufu sai aka koma taga. Aka sauya wa fagen suna, aka koma cewa hulɗar nukiliya mai ƙaramin ƙarfi, masu neman takarda kuma suka koyi kauce wa kalmar da ke jawo musu ƙi. Wani mai ƙirƙira a Fulorida, James Patterson, ya sami takardu a shekarun 1990 a kan wata na'ura mai ƙananan duwatsu da aka shafe da ƙarfe, an rubuta ta a matsayin na'urar raba ruwa da lantarki. Wanda ya fi kowa shahara a wannan layi shi ne Andrea Rossi, ɗan Italiya, wanda a watan Janairu na 2011 ya nuna wata na'ura a birnin Bolonya mai suna E-Cat, ya ce tana haɗa nikel da haidurojin ta ba da zafi mai yawa, amma sinadarin da ke ciki sirri ne. Wani kamfanin Amurka, Industrial Heat, ya biya shi dala miliyan 11 da rabi don samun lasisi, da alkawarin ƙarin miliyan 89 in na'urar ta ci gwajin kwana 350. A watan Agusta na 2015 ofishin Amurka ya ba Rossi takarda, sunan abin da aka rubuta a kanta kuwa na'urar dumama ruwa. A watan Afrilu na 2016 ya kai kamfanin kotu yana neman cikon kuɗinsa, kamfanin ya ce ya shekara uku yana ƙoƙarin ganin zafin nan bai gani ba. An fara shari'a a Mayami a 2017, sai ɓangarorin suka sasanta a watan Yuli, kotu ba ta kai ga cewa komai a kan na'urar ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: jami'in da ke duba takarda a ofis ba ya kunna na'ura, rubutu yake karantawa. Saboda haka in ka ji an ce wane yana da takardar mallaka, ka tambaya me aka rubuta a cikinta.

Gwajin da muke ganin ya fi kowanne tsabta shi ne wanda kamfanin Google ya ɗauki nauyi daga 2015. Ya tara masana kusan 30 daga jami'o'in Amurka da Kanada, ya kashe kimanin dala miliyan 10, a watan Mayu na 2019 kuma suka buga a Nature cewa ba su ga haɗewar sanyi ba. Sun dai ce cusa haidurojin cikin faladiyam har ya kai yadda ake so abu ne mai wuyar gaske, kuma sun fito da sababbin na'urorin awon zafi da za su amfani wasu fagagen. A 2023 wata hukumar bincike ta ma'aikatar makamashin Amurka ta raba dala miliyan 10 ga ƙungiyoyi takwas don a sake dubawa. A watan Agusta na 2025 kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin Google, a Jami'ar British Columbia ta Kanada, suka buga cewa idan ana harbin faladiyam da diyutiriyam daga wata na'ura, sannan aka ƙara cusa masa wani ta hanyar lantarki irin ta Fleischmann da Pons, yawan haɗewar yana ƙaruwa da kashi 15 cikin 100. Sun auna niyutiron, sun bayyana yadda aka haɗa na'urar, sun kuma faɗa da bakinsu cewa wutar da take ci ta fi wadda take bayarwa nesa ba kusa ba.

Fleischmann ya rasu a Ingila ran 3 ga Agusta 2012 yana da shekara 85, bai janye daga abin da ya ce ya gani ba. Pons ya ci gaba da zama a Faransa bayan rufe ɗakin binciken, ya janye daga idon jama'a. Takardar 13 ga Maris 1989 kuwa, ko da a ce an bayar da ita a wancan lokaci, da tuni wa'adinta ya ƙare. Bayanin da ke cikinta an buga shi tun 1990 a jerin takardun nema na ƙasa da ƙasa, kuma duk mai sandar faladiyam da ruwa mai nauyi yana iya gwadawa ba tare da ya biya kowa ko kwabo ba.